Firiji Da Ciwon Hanji: Hasashen Da Ya Ƙi Mutuwa, Ya Kuma Ƙi Tabbata

A kowace shekara, idan na zo kan darasin adana abinci, nakan fara da yi wa ɗalibaina tambaya ɗaya: me firiji yake yi wa ƙwayoyin cuta? Amsar da ta fi yawan fitowa ita ce, "Malam, kashe su yake yi." Sai in ce, to in haka ne, me ya sa miyar da aka manta a ƙuryar firiji har mako biyu take yin yauƙi da wari, ko da ba a ɗauke wuta ba? A nan ne aji yakan yi tsit.

Gaskiyar lamari ita ce, sanyi ba ya kashe yawancin bakteriya. Kasala yake sa musu, su daina hayayyafa, su jira ranar da ɗumi zai dawo. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru da ko kasalar ba sa yi. Suna ci, suna girma, suna ninkuwa a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, wato daidai sanyin da ake so firijin gida ya kasance. Fitattu daga cikinsu su ne Listeria da Yersinia. Masu aikin ɗakin gwaji sun daɗe da sanin wannan hali nasu, har suka mayar da shi dabara: in suna neman Yersinia a cikin samfurin da ke cike da wasu ƙwayoyi, sai su ajiye shi a firiji na tsawon makonni biyu zuwa uku. Sauran ƙwayoyin su tsaya cik, ita kuwa ta yi ta yaɗuwa har ta isa a gano ta.

Wannan dabara ta ɗakin gwaji ita ce ta zo mini a rai ranar da na fara karanta wani hasashe da likitocin Faransa suka gabatar a shekarar 2003. Cewa suka yi, mai yiwuwa abin da masana ke yi da gangan a ɗakin gwaji shi ne duniya take yi ba da saninta ba a ɗakunan girkinta, kuma mai yiwuwa wannan yana da hannu a yaɗuwar wani mugun ciwon hanji da ake kira cutar Crohn. Shekaru fiye da 20 ke nan ana muhawara a kai. Ina ganin ya kamata mai karatu ya san inda maganar ta kwana, domin firiji yana ƙara shiga gidajenmu, kuma irin wannan labari idan ya faɗa hannun masu yaɗa jita-jita, sai ya rikiɗe ya koma "firiji na ruɓar da hanji".

Wace cuta ce wannan?

Cutar Crohn kumburi ne na hanji mai daɗewa, wanda ke lafawa ya sake tashi har tsawon rayuwa. Tana iya kama kowane sashe na hanyar abinci, tun daga baki har dubura, amma inda ta fi sauka shi ne ƙarshen ƙaramin hanji, daf da mahaɗarsa da babban hanji, a ƙasan ciki ta ɓangaren dama. Kumburin yakan ratsa kaurin bangon hanjin gaba ɗaya, kuma yakan kama wani wuri ya tsallake wani. Mai ita yana fama da ciwon ciki, gudawa mai ƙin ƙarewa, rama, zazzaɓi da ƙarancin jini. Idan yaro ne, girmansa yakan tsaya. In abin ya yi nisa, hanjin yakan ƙuntata har abinci ya kasa wucewa, ko ya huje ya buɗe wata hanyar yoyo zuwa mafitsara ko fata. Ta fi farawa a lokacin samartaka, tsakanin shekara 15 zuwa 30, daidai lokacin karatu da aure da kafa sana'a. Akwai magungunan da ke danne ta, amma babu wanda ke raba mutum da ita baki ɗaya, kuma da yawa daga masu ita sai an kai ga yi musu tiyata.

Sunan ya samo asali ne daga Dakta Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer na asibitin Mount Sinai a birnin New York suka wallafa bayanin marasa lafiya 14 a shekarar 1932. Kafin su, wani likitan tiyata na birnin Glasgow, Kennedy Dalziel, ya bayyana irin wannan ciwo a 1913. A wancan zamani abu ne da likita zai iya gama aikinsa bai taɓa gani ba. Amma daga tsakiyar ƙarni na 20 sai adadin masu ita ya fara hawa a Arewacin Amurka da arewacin Turai. Ko shugaban Amurka Dwight Eisenhower sai da aka yi masa tiyata a kanta a 1956. Daga baya ta bayyana a kudancin Turai da Japan, yanzu kuma tana ƙaruwa a Sin, Indiya, Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka.

Ruwa ba ya tsami banza. Halittar gado ta al'umma ba ta canzawa cikin shekaru 50, saboda haka dole wani abu ne ya canza a yanayin rayuwa. Abubuwa biyu suna ƙarfafa wannan. Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu iri ɗaya ne, sau da yawa ɗaya yakan kamu ɗaya ya tsira. Sannan 'ya'yan baƙin da suka ƙaura daga ƙasashen da cutar ba ta da yawa zuwa Birtaniya ko Kanada, haɗarinsu yakan matso kusa da na 'yan ƙasa. Tambayar ita ce, a cikin ɗimbin abubuwan da zamani ya kawo, wanne ne mai laifin?

Duwatsun murhu uku na hasashen

Farfesa Jean-Pierre Hugot, likitan yara a asibitin Robert Debré da ke Paris, shi ne ya jagoranci masu hasashen, kuma mujallar likitanci ta The Lancet ce ta buga shi. Hugot ba baƙo ba ne a fagen. A 2001, ayarinsa da wani ayari a Amurka, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano ƙwayar gado ta farko da ke da alaƙa da cutar, wadda ake kira NOD2. Hujjarsa ta tsaya ne a kan duwatsu uku.

Dutse na farko shi ne lokaci. Firijin gida ya fara yaɗuwa a Amurka daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa 1930, sai arewacin Turai ya biyo baya, sai kudancinta, sai sauran duniya. Masu hasashen suka ce idan aka jera taswirar yaɗuwar firiji da ta yaɗuwar cutar, sai a ga suna bin sawun juna. Kuma ba akwatin da ke ɗakin girki kaɗai suke nufi ba. Suna nufin dukan silsilar sanyi: ma'ajiyar mayanka, jirgin ruwa, motar dakon kaya, kantin sayarwa, har zuwa gida. Wannan silsila ta girmi firijin gida, domin tun a 1882 jirgin ruwa mai suna Dunedin ya kai daskararren naman tumaki daga New Zealand zuwa Landan.

Dutse na biyu shi ne wuri. Idan Yersinia ta shiga cikin mutum, ƙarshen ƙaramin hanji take nufa. A nan akwai wasu tarin ƙwayoyin garkuwar jiki a bangon hanji, waɗanda aikinsu shi ne ɗanɗana abin da ke wucewa don gane aboki da maƙiyi. Ta wannan ƙofa Yersinia ke kutsawa, ta kumbura wurin, ta tayar da kaluluwa a cikin ciki. A daidai wannan wuri ne kuma ƙananan gyambunan farko na cutar Crohn suka fi fitowa. Kamannin ya kai likita yana iya rikicewa tsakanin cututtukan biyu, ko ya ɗauka ciwon afendis ne. A 1976, a jihar New York, madarar cakulan da ta gurɓata da Yersinia ta kwantar da 'yan makaranta, har aka yi wa wasunsu tiyatar afendis kafin a gano ainihin dalilin.

Dutse na uku shi ne gado. Aikin NOD2 kamar na mai gadi ne a cikin ƙwayoyin jiki: yana gane wani ɓarɓashi na bangon bakteriya, ya buga ƙararrawa. Wanda ya gaji gurguwar NOD2 daga ɗaya cikin iyayensa, haɗarinsa yakan ɗan ƙaru. Wanda ya gada daga duka biyun, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Hoton da Hugot ya zana shi ne na mutum mai raunin mai gadi, wanda kullum yake haɗiye ƙananan adadin ƙwayoyi masu jure sanyi. Ba su kai su kwantar da shi ba, amma sun isa su riƙa tsokanar garkuwar hanjinsa, har ranar da za ta harzuƙa ta kasa komawa hayyacinta.

Masu hasashen sun ƙara da wani tunani mai ban sha'awa. Yersinia ɗin da ke cikin abinci 'yar uwa ce ta jini ga Yersinia pestis, ƙwayar annobar da ta hallaka kaso mai yawa na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351, wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894. Suka ce wataƙila waɗannan sauye-sauye na NOD2 sun yawaita a Turawa ne saboda sun taimaki kakanninsu tsira daga annobar, sai jikoki suke biyan bashin a yau. Tunani ne mai daɗin ji, amma shi ne mafi rauni a cikin duka, kuma har yau a matsayin zato yake.

Abin da bincike ya nuna

Hasashe komai kyansa sai an gwada shi. Wani bincike da aka yi a Iran, aka wallafa a 2009, ya kwatanta masu cutar kusan 200 da wasu kusan 200 da ba su da ita. Aka samu cewa masu cutar, a jimlace, sun fara rayuwa da firiji a gida tun suna da ƙarancin shekaru fiye da sauran. Iran ta dace da wannan tambaya, domin firiji ya shige ta a makare, mutane da yawa suna iya tuna shekarar da aka sayo na farko a gidansu. Akwai kuma wani abin lura. Alade ne babban matattarar Yersinia enterocolitica, alhali a Iran ba a cin sa. Saboda haka in har hasashen gaskiya ne, hanyar ba nama ɗaya ba ce. Hakan yana yiwuwa, domin a ƙasar Finland an sha samun ɓarkewar ciwon Yersinia a makarantu daga ɗanyen karas da aka daɗe ana ajiye da shi a ma'ajiyar sanyi.

A 2015 kuma, masu bincike a Amurka sun nuna cewa ɓeraye da suka kamu da Yersinia suka warke, garkuwar hanjinsu ba ta koma daidai ba. Jijiyoyin da ke ɗaukar ruwan garkuwa sun ci gaba da yoyo cikin kitsen da ke kewaye da hanji, kumburi ya daɗe bayan ƙwayar ta tafi. Wannan ya ba masu hasashen amsar wata tambaya mai wuya: in bakteriya ce sila, me ya sa maganin kashe bakteriya ba ya warkar da cutar? Amsarsu ita ce, wanda ya cinna wuta ba lalle ne a same shi a wurin gobarar ba.

Sai dai akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren. Na farko, firiji ba ya shiga gida shi kaɗai. Gidan da ya samu firiji shi ne ya samu ruwan famfo, masai na zamani, maganin kashe ƙwayoyin cuta tun yarinta, abincin gwangwani, sukari da mai, da kuma likitan da ke da na'urar gano cutar. Da za a zana taswirar yaɗuwar talabijin, ita ma za ta bi sawun cutar Crohn, amma babu mai hankalin da zai tuhumi talabijin. Tafiyar abubuwa biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Na biyu, da aka yi amfani da na'urori masu kaifi aka nemi alamar Yersinia a hanjin mutane, wani bincike na 2018 da Hugot kansa yake cikin marubutansa ya same ta a masu cutar da marasa ita ba tare da wani bambanci na a zo a gani ba. Na uku, sauye-sauyen NOD2 da aka gano a Turawa kusan babu su a mutanen Japan, Koriya da Sin, amma cutar tana ƙaruwa a can. Kuma yanzu an gano wurare fiye da 200 a halittar gado da ke da alaƙa da ciwukan kumburin hanji, NOD2 ɗaya ce kawai a cikinsu.

Bayan haka, ba Yersinia kaɗai ake tuhuma ba. Tun zamanin Dalziel ake zargin wata 'yar uwar ƙwayar tarin fuka da ke haddasa ciwon hanji a shanu. A ƙarshen shekarun 1990 wasu masana a Faransa suka gano wani nau'in E. coli mai manne wa bangon hanji. Akwai masu ganin tsabta ce ta yi yawa har garkuwar jikin yara ta rasa horo. Abu ɗaya da kusan babu saɓani a kansa shi ne shan taba: yana kusan ninka haɗarin kamuwa, yana kuma tsananta cutar ga wanda ya riga ya kamu.

A nawa ra'ayin, hasashen sanyi bai kai matsayin da za a gina hukunci a kansa ba, bai kuma faɗi warwas da za a binne shi ba. Tarihi ya koya mana hattara ta fuska biyu. An yi wa Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya dariya a farkon shekarun 1980 da suka ce bakteriya ce ke kawo gyambon ciki, sai ga shi a 2005 sun karɓi kyautar Nobel. Amma abin da ya ba su nasara shi ne hujjar da ba ta da makawa: a kashe ƙwayar, gyambon ya warke, ya kuma daina dawowa. Irin wannan hujja ce hasashen sanyi ya rasa har yanzu.

Ina ruwanmu?

Mai karatu zai iya cewa wannan ciwon Turawa ne. Haka mutanen Indiya da Sin suke ɗauka shekaru 40 da suka wuce. Rahotannin cutar daga Afirka kudu da Sahara kaɗan ne, amma ƙarancin rahoto yana iya zama ƙarancin cuta, yana kuma iya zama ƙarancin na'urar leƙa hanji da ƙwararrun da za su duba tsokar da aka ɗebo. Matashin da ya yi wata shida yana gudawa yana rama, a wurinmu sunayen da za a fara kira su ne taifot, atuni, olsa ko tsutsar ciki. Babbar matsalar ma ita ce tarin fuka na hanji, wanda ke kama daidai wurin da cutar Crohn ke kamawa, kuma yana kama da ita ko a idon ƙwararre. Kuskure a nan yana da tsada, domin magungunan Crohn danne garkuwar jiki suke yi, in aka ba mai tarin fuka su, an buɗe wa cutarsa ƙofa ke nan.

Sannan abincinmu yana sauyawa a gaban idonmu. Iyayenmu da rana da hayaƙi da gishiri da tsami suke adana abinci: kilishi, bandar kifi, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, nono. Tuwon da ya kwana kuma sai an yi ɗumamensa. A biranenmu na yau kuwa, daskararrun kaji da kifi, yogot, latas da kabeji, zoɓo da kunun aya masu sanyi sun zama abincin yau da gobe. Ga kuma matsalar wutar lantarki, wadda ke sa abinci ya yi sanyi, ya huce, ya sake yin sanyi. A irin wannan firiji, masu jure sanyi da masu son ɗumi kowa yana samun rabonsa.

A nan nake ganin wata dama ga jami'o'inmu da asibitocin koyarwa. A Turai an makara, domin da wuya a samu gidan da ba shi da firiji da za a kwatanta da shi. A wurinmu kuwa, gida mai firiji da marar firiji suna unguwa ɗaya, suna shan ruwa ɗaya, suna cefane a kasuwa ɗaya. Da za a buɗe rajistar masu ciwon kumburin hanji tun yanzu, a riƙa rubuta tarihin abincinsu da na gidajensu, da mun ba duniya amsar da ta kasa samu, mun kuma san halin da mu kanmu muke ciki.

Kada kowa ya karanta wannan ya je ya kashe firijinsa. Alherin firiji tabbatacce ne, laifin da ake tuhumarsa da shi kuwa zato ne. Shi ke kare rigakafin yara da insulin da jinin da ake ƙara wa marasa lafiya. Ya rage gubar abinci, kuma masana suna lissafa shi cikin dalilan raguwar sankarar tumbi a ƙasashen da suka rage dogaro da abinci mai gishiri da hayaƙi. Abin da ake buƙata shi ne a daina ɗaukar sa a matsayin wurin da abinci ba ya lalacewa. Ko da an wanke ƙwayoyin sanyi daga zargin cutar Crohn gobe, laifinsu na fili yana nan. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, Listeria da ke cikin wani sarrafaffen nama da ake ci ba tare da dafawa ba ta kama mutum fiye da 1,000, ta kashe fiye da 200, da yawansu jarirai.

Matakan kariya ba su da wuya. A tabbata sanyin firiji bai haura digiri 5 ba. Ragowar abinci kada ya wuce kwana uku zuwa huɗu, kuma a ɗumama shi har ya yi tururi kafin a ci. Ɗanyen nama a rufe shi a ajiye a can ƙasa, don kada ruwansa ya ɗiga kan abin da za a ci ɗanye. A wanke ganye da karas da kyau, a tafasa madara, a riƙa wanke firijin kansa. In wuta ta ɗauke, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa na kimanin awa huɗu ne kawai; bayan haka nama da madara da dafaffen abinci sun shiga haɗari. Mata masu juna biyu, tsofaffi da masu raunin garkuwa su fi kowa kiyayewa. Wanda kuma ya ga gudawa da ciwon ciki da rama sun wuce makonni suna tafiya suna dawowa, ya daina zagayen kemis, ya nemi likitan ciki a yi masa cikakken bincike.

A bana ma na yi wa sababbin ɗalibaina tambayar nan, aka ba ni amsar da na saba ji. Na sa kowannensu ya koma gida ya buɗe firijin gidansu, ya rubuto mini abin da ya fi daɗewa a ciki da kwanakin da ya yi. Ina roƙon mai karatu shi ma ya yi wannan aikin gida yau da daddare.